Dillalan filaye a Madarunfa: A daina cinikin biri a sama

Duk mai bin hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Ɗan Isa da Jibiya a 'yan shekarun nan, ba sai an faɗa masa cewa ƙasa ta yi daraja a gundumar Madarunfa ba. Gonakin da aka saba gani da gero da dawa sun fara komawa filayen gini, turakun siminti sun maye gurbin kara, kuma da wuya ka zauna a majalisa ko a rumfar kasuwa ba ka ji ana zancen fili ba: wane ya saya, wane ya sayar, wance an cinye mata nata. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta sa muka ga ya zama wajibi mu ce wani abu a yau, domin da yawa daga cikin waɗanda ake damfara a wannan harka 'yan kasuwa ne da iyayenmu mata masu sana'a, mutanen da suka tara kuɗinsu dala bayan dala, sannan aka raba su da shi cikin wuni guda.

Dalilan tsadar ƙasa a wannan yanki ba ɓoyayyu ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa jihar Maraɗi na da mutum sama da miliyan 3, gundumar Madarunfa kaɗai kuma tana da sama da dubu 400, ga shi kuwa ƙasa ba ta haihuwa kamar yadda mutane ke haihuwa. Birnin Maraɗi na ta faɗaɗa zuwa cikin gonakin maƙwabtansa irin su Jiratawa da Safo. Tun daga 2019 ta'asar 'yan bindiga ta koro dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa wannan jiha, ta kuma tayar da wasu daga ƙauyukan Gabi da Sarkin Yamma zuwa cikin garuruwa, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita kusan 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, abin da ya sa kowa ya fara lissafin inda tasha za ta zauna da inda kasuwa za ta buɗe. Bugu da ƙari, mutumin da a da yake ajiye dukiyarsa a shanu, yanzu ya fi son ya zuba ta a fili, tunda fili ba ya cin dusa, kuma ɓarawo ba ya kora shi daji da dare.

Inda kuɗi suka taru kuwa, dole dillali ya zo. Kuma tun da wuri muna son a fahimce mu, ba mu da wata rigima da dillanci. Sana'a ce ta iyaye da kakanni, kuma babu ɗan kasuwar da zai ce bai taɓa cin moriyarta ba. A karar dabbobi, dillali shi ne ya san mai saniya, ya san mai saye, ya san inda dabba ta fito. Idan bayan kwana uku aka zo aka ce saniyar ta sata ce, an san rumfar da za a je, an san sarkin dillalan da za a kai wa ƙara. Da wannan tsari ne Hausawa suka yi fataucin shanu da goro har Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi, inda maigida kan sauki baƙon fatake, ya haɗa shi da mai saye ta hannun dillalansa, kuma ya tsaya masa idan an karɓi kaya bashi. Abin da ya riƙe wannan ciniki shekara da shekaru shi ne an san dillali, an san mazauninsa, an kuma san wanda ya tsaya masa.

To a harkar fili da gida, wannan ƙofar ce aka bari a buɗe babu mai gadi. Duk wanda ya mallaki wayar salula da babur, ya kuma iya zaƙin baki, ya zama dillalin fili. Ba shi da rumfa, ba shi da sarki, babu wanda ya tsaya masa. Abin mamaki shi ne, a kan tunkiyar jika 50 ana tambayar asali da shaida, amma a kan filin miliyan biyu sai a miƙa kuɗi a bayan shago, a karɓi 'yar takarda da aka rubuta da biro. A ganinmu nan ne tushen matsalar yake, kuma nan ya kamata a fara gyara.

Hanyoyin cutar suna da yawa, amma akwai waɗanda suka fi yawo a bakin jama'a. Ta farko ita ce sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku. Dillali ya san mai saye ba zai yi gini nan kusa ba, musamman ɗan kasuwar da ke yawo tsakanin Maraɗi da Kano ko wanda ke ci-rani a Agadas ko Libiya. Sai a nuna wa wannan, a nuna wa wancan, kowa a ba shi takarda mai hatimi. Ranar da ɗaya ya sauke yashi da bulo, ranar ɗayan zai bayyana da tasa takardar, a lokacin kuwa dillali ya canza lamba.

Ta biyu ita ce ɗora kuɗi a ɓoye. A ce mai fili ya yi wa filinsa kuɗi jika 800. Dillali zai je ya ce wa mai saye miliyan ɗaya ne babu ragi, ya hana su haɗuwa da juna, ya ce mai filin ya yi tafiya ko ba ya son a san shi ne ke sayarwa. Idan ciniki ya faɗa, ya soke jika 200 a aljihu, sannan ya karɓi la'ada a hannun mai sayarwa, ya juyo ya karɓa a hannun mai saye. Galibi kuma da ɗan wasan kwaikwayo ake haɗawa: a kawo abokin cin mushe ya taya filin a gabanka da tsada, ko a ce maka wani Alhaji daga Katsina na tafe gobe da kuɗi a hannu, in ba ka ba da kafin alƙalami yau ba ka rasa. Duk wanda ya zauna gaban malamai ya san Musulunci ya haramta taya kaya don a zuga farashi, kamar yadda ya haramta algus a mudu.

Ta uku ita ce sayar da abin da ba na mai sayarwa ba ne shi kaɗai. Uba ya rasu ya bar gona, ba a raba gado ba, sai dillali ya zagaya ya sami ɗaya daga cikin 'ya'yan, wanda ke da matsuwa ko wanda ya fi rawar kai, ya lallashe shi ya sa hannu. Ƙannensa mata suna gidajen aurensu ba su sani ba, matar mamacin da ke da tumuninta a ciki ba a shawarce ta ba. Haka kuma akan sayar da gonar da aka ba mutum aro ko jingina, alhali mai ita na nan da ransa. Mai saye ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya, amma abin da ya saya shari'a ce da za ta iya kai shi shekaru yana zirga-zirga tsakanin fada da kotu.

Ta huɗu, wadda ta fi kowacce haɗari, ita ce yanka wuraren jama'a a sayar: burtali, makiyaya, hanyar mashaya, gefen maƙabarta, filin da aka keɓe don makaranta ko asibiti, da hanyar ruwa. Mutanen wannan jiha ba sa buƙatar a tuna musu abin da rikicin manoma da makiyaya ke jawowa. A watan Oktoba na 1991, a garin Toda da ke yankin Gidan Rumji, an rasa rayuka sama da ɗari a rana ɗaya. Dokar kiwo ta 2010 ta hana kowa mallake filayen kiwo ya mai da su nasa, don haka duk wanda ya sayar maka da burtali ya sayar maka da abin da doka ba za ta taɓa tabbatar maka ba. Mu dubi Kano ma. A watan Yuni na 2023 gwamnatin jihar ta rushe shagunan da aka gina a kewayen Filin Idi, bisa hujjar cewa wurin na jama'a ne kuma an raba shi ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan na riƙe da takardunsu, sun je kotu, an yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Idan haka ta faru da manyan 'yan kasuwa masu lauyoyi, ina ga mai sayar da ƙuli-ƙuli da aka sayar wa gefen maƙabarta? Game da hanyar ruwa kuwa, dillali da rani yake nuna fili, lokacin da kwari da tudu duk kamarsu ɗaya. Ambaliyar 2024, wadda jihar Maraɗi na cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna, ta nuna wa mutane da dama cewa a bakin gulbi aka zaunar da su.

Ta biyar ta shafi haya, wato gida da shago. Kafin a nuna maka ɗaki sai ka biya kuɗin gani da kuɗin mai, a zagaya da kai gidaje uku waɗanda dillali ya san an riga an kama su. Akan karɓi kafin alƙalami a hannun mutum biyu a kan shago ɗaya. Akwai kuma dillalin da ke zuwa wurin mai gida ya ce masa ai kana asara, ga wanda zai ba ka ninki, domin kawai a fitar da tsohon ɗan haya shi kuma ya sami sabuwar la'ada. Ɗan kasuwar da ya shekara biyar yana tara abokan ciniki a wuri ɗaya, rana tsaka sai a ce ya kwashe kayansa.

Mun ce abin ya fi taɓa mata, kuma muna da hujja. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka wallafa a 2004 da 2006 a kan ƙauyukan Maraɗi, ciki har da Jiratawa, ya nuna yadda ƙarancin ƙasa ya sa ake janye mata daga gona, har gamanar da aka saba yanka wa mace ta noma abinta ta fara gagara. Macen da ta rasa gamana sai ta koma ga sana'ar hannu da adashi. A nan jihar Maraɗi ne aka kafa tsarin asusun Mata Masu Dubara a 1991, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Mace ta yi shekara uku ko huɗu tana zubi daga ribar ƙosai, man gyaɗa ko tuwon sayarwa, ta kwashi adashinta, ta haɗa da kuɗin akuyoyinta, burinta ta mallaki inda ba mai korar ta idan aure ya mutu ko miji ya rasu. Sau da yawa ba ta karanta Faransanci, wani lokaci ma ba ta son dangin miji su san tana da abin sayen fili, sai ta yi cinikin a asirce ta hannun dillali. Wannan sirrin shi ne abin da macuci ke nema. Ranar da abin ya fashe, kunya ma ba ta barin ta ta kai ƙara.

Shin babu doka ne? Akwai, kuma ya kamata kowane mai karatu ya san ta. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda aka fi sani da Code Rural. Ita ce ta amince cewa mallakar gona ta hanyar gargajiya mallaka ce da hukuma ta yarda da ita, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye hawa-hawa: na ƙauye da ake kira Cofob, wanda mai gari ke shugabanta tare da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa; na ƙaramar hukuma da ake kira Cofocom; da na gunduma da ake kira Cofodep a ƙarƙashin shugaban gunduma. A hannun waɗannan kwamitoci ake samun takardar shaidar mallakar gargajiya, da ta saye da sayarwa, da ta kyauta, da ta aro, haya ko jingina. Aikinsu ne su je su ga gonar, su tambayi maƙwabta, su sanar da jama'a kafin su sa hannu. Idan rigima ta tashi a kan gona, ana fara zuwa wurin sarakunan gargajiya don sulhu, a rubuta abin da aka cimma, in abin ya gagara sannan a wuce kotu.

A cikin gari kuwa, inda aka yi lotisma, wato aka auna aka yanka filaye da tituna, takardar da ake dogara da ita ita ce wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, acte de cession da Faransanci, mai ɗauke da lambar fili da ta rukunin da yake ciki. Sama da ita akwai titre foncier, takardar mallaka ta dindindin da ake rajistarta a ofishin filaye na gwamnati. An yi dokar tsara birane a 2017, an yi ta gine-gine da gidaje a 2018, an kuma amince da manufar ƙasa kan filayen karkara a 2021.

Har shi kansa dillali dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, kuma aka sabunta a 2010, ba ta manta da shi ba. Ta ɗauki shiga tsakani a cinikin gida ko fili a matsayin kasuwanci, ta wajabta wa dillali ya faɗa wa ɓangarorin biyu gaskiyar abin da ya sani, ta kuma ce dillalin da ya karɓi kuɗi a ɓoye daga ɗaya ɓangaren ba da sanin wanda ya sa shi aiki ba, ya rasa haƙƙinsa na la'ada. Wannan doka ta kuma ba ɗan kasuwar da ya cika shekara 2 yana sana'a a shagon haya, yana biyan kuɗinsa, haƙƙin a sabunta masa haya, ko da yarjejeniyar ta baka ce. In ba a sa wa hayar wa'adi ba, sai an ba shi sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, kuma in ba da wani dalili da doka ta yarda da shi ba, sai an biya shi diyya. 'Yan kasuwa nawa ne a Madarunfa ko Ɗan Isa suka san da wannan? Zamba cikin aminci da buga takardun jabu kuwa, laifuka ne da ake ɗaure mutum a kansu.

To me ya sa duk da haka cutar ba ta ragu ba? A ra'ayinmu dalilai biyu ne. Na farko, dokokin sun fi mai da hankali ga takarda, sun bar mutumin da ke yawo da takardar. Kamfanin dillanci mai ofis da allo a Yamai yana iya yin rajistar kasuwanci ya biya haraji, amma dillalin da ke zaune gindin bedi a bakin tasha, wanda ta hannunsa talaka ke sayen fili, babu littafin da sunansa yake ciki. Na biyu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takarda biyu a kan fili ɗaya, kowacce da hatimi, ba daga sama suke faɗowa ba. Ko dai hatimin na jabu ne, ko wani ya sa hannu bai duba littafi ba, ko kuwa ya duba ya kau da kai saboda an sa masa goro a aljihu. Ba mu ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya yi da kyau zai ga da kyau.

Wasu ƙasashe sun daɗe da rufe wannan ƙofa. A Faransa, tun dokar 2 ga Janairu 1970, ba ka dillancin gida sai da katin sana'a, da jinginar kuɗi da za a biya wanda ka cuta idan kana riƙe kuɗin mutane, da rubutacciyar yarjejeniya daga mai gida wadda ta faɗi la'adarka. A Najeriya an kafa hukumar rajistar ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye tun 1975, amma da yake ba ta kai ga dillalan unguwa ba, jihar Legas ta yi sabuwar doka da aka sa wa hannu a 2022, wadda ta tilasta wa masu wannan harka yin rajista da hukumar jiha. Darasin da ke ciki shi ne, dokar da ta tsaya kan masu ofis kaɗai ba ta kare talaka. Mu kuma ba sai mun ɗauko tsarin Faransa dungurungum ba, domin abin da suka rubuta a doka shi ne abin da karar shanu ta daɗe tana yi: a san ka, a san mazauninka, a san wanda ya tsaya maka.

Saboda haka muna kira ga shugaban gundumar Madarunfa, da kantomomin da ke riƙe da ƙananan hukumomi tun bayan rushe majalisunsu a watan Afrilu na 2024, da masu martaba sarakunanmu, da su haɗa kai su yi abubuwa huɗu waɗanda ba sa buƙatar jiran Yamai. Na ɗaya, kowace ƙaramar hukuma, daga Madarunfa zuwa Jiratawa, Safo, Gabi, Sarkin Yamma da Ɗan Isa, ta buɗe littafin dillalan filaye da gidaje, a ba kowane kati mai hoto da lamba, bayan mai unguwarsa da mutum biyu sanannu sun tsaya masa. Na biyu, a zauna da dillalan a tsayar da la'ada sananniya, a rubuta ta da boko da ajami a manna a kasuwanni da tashoshi, a kuma wajabta rubuta sunan dillali da lambar katinsa da abin da ya karɓa a jikin kowace takardar ciniki. Na uku, a buɗe littafin filaye ga jama'a, ta yadda duk mai son saye zai je da lambar fili a duba masa sunan mai shi a kan kuɗi kaɗan sananne, a ba shi rasiɗi, a kuma kafa taswirar burtali da wuraren jama'a a bango inda kowa zai gani. Na huɗu, duk dillalin da aka kama da sayar da fili sau biyu a karɓe katinsa, a sanar a gidajen rediyo, a miƙa shi ga shari'a tare da duk wanda ya buga masa hatimi, komai girman kujerarsa.

Mun san za a ce wannan wata sabuwar hanyar tatsar haraji ce, kuma katin ma zai koma abin sayarwa. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa muke cewa kuɗin kati ya zama kaɗan, kuma kwamitin da zai tantance dillalai ya haɗa da wakilan 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin mata, domin su ne kuɗinsu ke ciki. Za a kuma ce bin Cofo da ma'aikatar magajin gari na cin lokaci da kuɗi. Gaskiya ne, kuma hukuma ce ya kamata ta rage wannan wahala ta hanyar bayyana farashin kowace takarda a fili. Amma duk wanda ya taɓa yin shekara biyu yana bin shari'ar fili zai gaya maka cewa zirga-zirgar mako biyu kafin biyan kuɗi araha ce.

Ku kuma 'yan uwa 'yan kasuwa da iyayenmu mata, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwaɗayin araha da gaggawa su ne ke kai mutum hannun macuci. Kada ku ba da ko dala sai kun ga mai fili ido da ido, da katinsa na ɗan ƙasa, sunan da ke kan katin ya yi daidai da na kan takarda. Ku taka ƙafa ku je filin, ku gai da maƙwabta ta gabas da yamma, kudu da arewa, ku tambaye su na wane ne, ku kuma tambaye su inda ruwa ke bi da damina. Ku kai lambar filin ma'aikatar magajin gari ko wurin Cofo a duba muku. In gado ne, ku nemi shaidar an raba, ko dukan magada, maza da mata, su sa hannu a gaban mai gari. Kuɗi a hannun mai fili ake sa su, gaban shaidu, la'ada kuma daban, a faɗe ta a fili. Bayan ciniki kada ku ajiye takarda da sunan tsohon mai shi a ƙarƙashin katifa, ku je a juya ta zuwa sunanku, ku kafa turaku ko ku ja ɗan gini ko da layi biyu ne. Hajiya, in ba kya son dangi su sani, ki tafi da shugabar asusunku ko wata aminiya mai karatu, sirrin da ya hana ki shaida ba sirrin alheri ba ne. Duk wanda ya ce miki yau ko a rasa, ki ce masa a rasa ɗin. Fili ba jirgi ba ne da zai tashi ya bar ki.

Malamanmu ma suna da rawar takawa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ya dace a riƙa jin wannan a huɗubar Juma'a da wuraren tafsiri, tare da bayanin haƙƙin mata da marayu a gadon ƙasa, domin mutane su daina ganin neman takarda da shaida a matsayin rashin yarda da ɗan uwa.

Daga ƙarshe muna magana da dillalan kirki, waɗanda muka san suna nan da yawa, masu cin halaliyarsu, waɗanda ake ba amanar miliyoyi su mayar ba ƙwandala ta yi ciwon kai. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma sunanku ne ake ɓatawa. Kada ku jira hukuma ta zo ta tsara ku. Ku kafa ƙungiyarku, ku naɗa sarkinku kamar yadda takwarorinku na kara suka yi, ku fitar da baragurbi daga cikinku, ku je da kanku ku nemi a buɗe muku littafi. Ranar da mai ƙosai a Madarunfa za ta iya tambayar dillali katinsa kafin ta kwance bakin zaninta, ranar ce sana'arku za ta dawo da mutuncinta. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, Ya kuma tsare mana guminmu daga hannun macuta, amin.